JAWABIN SHUGABAR MATA: KOWACE MACE TA BUƊE KUNDINTA

Ga jawabin da Shugabar Mata ta gabatar a zamanmu na wata-wata. An rubuto shi ne saboda waɗanda ba su samu halarta ba. Shugabannin mazaɓu, don Allah a tura wa sauran zaurukan WhatsApp, a kuma karanta wa waɗanda ba su da waya.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.



Iyayena mata, yayyena, ƙannena da 'ya'yana, shugabannin mata na mazaɓu da na akwatuna, barkanku da yamma, sannunku da ƙoƙari. Na ga waɗanda suka taso daga nesa cikin wannan rana, wasu da goyo, wasu sun bar tukunya a kan wuta. Allah ya ba da lada, ya mayar da kowa gidanta lafiya.

Maganar sabunta rajista da ta kuɗin wata, sakatariya za ta yi bayaninsu idan na zauna. Ni yau magana ɗaya na kawo, kuma na san wasu za su kalli juna idan suka ji. So nake kowace mace a cikin wannan tafiya ta samu littafi guda ɗaya, nata na kanta, wanda ba na lissafin adashi ba, ba na darasin Islamiyya ba, ba kuma wanda yara za su yage su yi jirgi da shi ba. Littafin da za ta riƙa rubutu a ciki, ta yi zane, ta shafa launi, ta manna ƙyalle da kati da ganye da duk abin da yake tuna mata da wata rana. Ni sunan da na ba shi kundin zayyana. Kada wata ta tsorata da jin kundi, ba na laƙani ba ne, ba na mallakar miji ba ne!

Waɗanda ke leƙa YouTube da Instagram sun ga yadda matan Turai da Amurka suke yin abin. Su sha'awa ce, kamar yadda wata a nan take kiwon kaji ko saƙar kwarashi. Mace za ta zauna da littafinta, ta haɗa rubutu da fenti da guntun jarida da zare a shafi guda, ba don sayarwa ba, ba don a ba ta maki ba. Akwai wata shahararriyar mai zane 'yar ƙasar Meziko, Frida Kahlo, wadda ta rasu a 1954. Shekaru goma na ƙarshen rayuwarta tana fama da ciwo, irin wannan littafi ta riƙe, rubutu da zane a cakuɗe, kuma har yau ana buga shi ana karantawa. To amma su can kuɗi suke zubawa su sayi kayan aiki. Mu kayan aikin suna cikin madafinmu da ƙarƙashin keken tela.

Kuma ina so ku cire wa ranku cewa wannan baƙon abu ne. Wacce a cikinku ba ta taɓa ganin allon zayyana ba ranar saukar Alƙur'ani? Wacce ba ta ga Alƙur'ani rubutun hannu ba, baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da ruwan ɗorawa, ga ado a gefen shafi wurin izu da wurin sujada? Wannan ai haɗa rubutu da ado ne a takarda ɗaya. Ku dubi dagi a jikin soro, ku dubi zanen ƙwarya, da faifai mai launi, da hula ƙube wadda mata ke zama watanni suna ɗinkawa. Marinar Ƙofar Mata, wadda masu wurin ke lissafa tarihinta tun 1498, maza ne ke tsoma yadi a karofi, amma ƙullin da ke fitar da zanen mata ne ke yinsa a cikin gida da zare da allura. Ku ɗauki naira ashirin ku juya bayanta, Ladi Kwali ce zaune tana ginin tukunya. Ke kanki da kike zana wa amarya lalle har gwiwar hannu ba tare da kin goge ko layi ɗaya ba, don Allah wa zai ce miki ba ki iya zane ba? Matsalar ita ce duk adon da muke yi mai gogewa ne. Lalle sati biyu ya kore. Jeren ɗaki shekara biyar an sayar. Anko an sa sau uku an ba 'yar aiki. Takarda ita ce take zama.

To me ya haɗa wannan da siyasa? Ku ba ni aron kunnuwanku.

Mu ne cika fili ranar taro. Mu ne guɗa, mu ne anko, mu ne bin gida-gida, mu ne layin da ya fi tsayi ranar zaɓe. Amma idan aka tashi ba da tarihin jam'iyya, sunan wa ake kira? Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a babban zaɓe ba sai 1979, bayan mata irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha duka da ɗauri a kan wannan magana tun zamanin NEPU. Ita Allah ya ji ƙanta, ta rasu a 2001, an san ta, har asibiti aka sa wa sunanta a Zariya. To matan da suka riƙa binta gida-gida fa? Waɗanda suka dafa abincin taro, suka ɓoye ta, suka sha zagin dangi saboda ita? Wa zai iya kawo mana sunan goma daga cikinsu? Sun tafi da labarinsu, saboda babu wanda ya rubuta. Yau kujerun Majalisar Dattawa 109 ne, zaɓen 2023 mata huɗu kacal ya kai can. Idan muka zauna jiran wani ya rubuta wahalarmu, za mu daɗe a zaune.

Ku kwatanta da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864. Me ya sa har yau muke sanin yadda ta tsara 'Yan Taru, yadda take naɗa jaji ta ɗora mata malfa ta tura ta ƙauyuka koyar da mata? Saboda ta rubuta, da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma zuriyarta a gidan Wazirin Sakkwato suka adana takardun. Wata za ta ce ai ita 'yar Shehu ce, malama ce. To ga wata talaka irinmu, Baba ta Karo. Tsohuwa ce wadda ba ta yi boko ba. Wajen 1949 zuwa 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a ƙasar Zazzau, tana ba ta labarin rayuwarta: aurarrakinta, ƙawayenta, yadda ake biki da suna, yadda mahara ke kama mutane, yadda Turawa suka zo. Ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, bata ma gan shi ba. Yau a jami'o'in duniya, mai son sanin yadda matan Hausa suka rayu a wancan zamani, maganar Baba yake karantawa. Mata nawa ne sa'o'inta da suka fi ta labari? Ita dai aka rubuta nata.

Mu da muka zauna a gaban malamai mun san darajar alƙalami. Sura guda aka sa wa sunansa. Ayar da ta fi kowace tsayi a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi take magana. To alkawarin da ɗan takara ya ɗauka a gabanmu ba bashi ba ne?

Wannan ya kawo ni kan shafin da na fi so kowace ta buɗe, shafin alkawari. Ranar da ɗan takara ya zo mazaɓarku, ko kansila ne, ko ciyaman, ko ɗan majalisa, ki karɓi takardar da ake rabawa. Idan kin koma gida ki yanke ta, ki manna a shafi. Ki rubuta rana da wata da shekara, da wurin da aka yi taron, da abin da ya faɗa da bakinsa: rijiyar burtsatse a unguwa kaza, gyaran ɗakin haihuwa, kujerun makarantar 'yan mata. Gefen kowane alkawari ki zana fure, amma kada ki shafa masa launi. Ranar da aka cika, ki ɗauko launi mafi kyau ki cike furen. Wanda ba a cika ba ya zauna fari fat. Kuma ku ji ni da kyau, 'yan takararmu nake nufi, na jam'iyyarmu, waɗanda muka yi wa yawo ƙafarmu ta kumbura. Wannan ba tawaye ba ne. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya cika alkawari, littafinki ne zai zama shaidarsa idan kika shiga gida neman ƙuri'a, ki buɗe ki nuna wa matar gida. Wanda bai cika ba, idan ya dawo bayan shekara huɗu, ba sai an ɗaga murya ba. A buɗe masa shafi cikin ladabi, ya ga furanninsa.

Amma kada ku ɗauka littafin na siyasa ne kaɗai. Kashi ɗaya ne wannan. Babban rabonsa naki ne ke kanki.

Tun asuba mace take kan ƙafarta. Yara, maigida, suruka, sana'a, makaranta, dubiya, gaisuwar mutuwa, ga kuma taron jam'iyya. Idan dare ya yi ta ɗauki waya tana ta shafawa har barci ya sace ta, ta kwana da rigimar mutanen da ba ta ma sani ba. A cikin awa ashirin da huɗu, wane minti ne nata? Abin da yake cin mu a rai da yawa ba ya faɗuwa. Ka faɗa wa ƙawa, gobe ka ji shi a gidan biki. Takarda ba ta kai gulma. Kuma akwai wata natsuwa da ke zuwa wa mutum idan hannunsa na aiki a hankali, duk mai tsince shinkafa ko ɗinkin hula ta san wannan. Idan ranki ya ɓaci, ki rubuta abin da ya dame ki har ƙarshe, sannan ki shafa gam ki rufe rubutun da ƙyalle mai kyau, ki yi masa ado a kai. Kin fitar da shi daga ƙirjinki, kuma babu mai karantawa. Sai dai in faɗa muku gaskiya, littafi ba magani ba ne. Wadda damuwa ta hana ta barci da cin abinci, ko take jin rayuwar ta ishe ta, musamman bayan haihuwa, ta je asibiti ta ga likita, mu kuma 'yan uwanta mu raka ta, kada mu ce aljanu ne mu zauna.

Na hango wata a baya tana murmushi. Na san abin da ke ranki, Hajiya: "Shugaba, muna fama da kuɗin masara, ke kina mana zancen fenti?" Tambayarki a kan hanya take. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kasuwa ta koma. Shi ya sa ba zan yaudare ku ba. Wannan ba shirin ba da jari ba ne, babu fom, babu wanda zai turo kuɗi a asusu. Maganar jari da keken ɗinki da injin markaɗe tana nan, muna binta a inda ya kamata, ba mu sake ta ba. Amma talauci bai hana mu ƙunshi ranar salla ba, bai hana mu share tsakar gida mu yi turaren wuta ba. Talaka ma yana da haƙƙin abin da zai sanyaya masa rai. Kuma abin da nake kira gare shi kusan kyauta ne. Ga yadda ake yi.

Littafin dai, ki samu na makaranta mai bangon kwali, ko tsohuwar dayari da maigida ya daina amfani da ita. Takardar littafin makaranta ba ta da kauri, ruwa na huda ta, saboda haka ki riƙa haɗa shafi biyu ki manne su su zama ɗaya kafin ki shafa launi. Wadda ta iya ɗinki ta sayi farin kwali irin na 'yan makaranta, ta yanka daidai-daidai, ta ninke, ta ɗinke tsakiyar da zare mai ƙarfi, ta yi masa riga da atamfa. Wannan ya fi ƙarko, ya kuma fi kyau.

Abin mannawa, wanda ya fi shi ne farin gam irin na kafintoci, a ɗan sirka shi da ruwa. Ƙaramin roba zai kai ki watanni. Idan babu, a jiƙa ƙaro ya kwana, a tace, shi ma yana riƙe takarda da ganye, kuma da shi malamai ke haɗa tawada tun kaka da kakanni. Sitacin rogo ko kunun fulawa suna mannawa, amma kyankyasai da gara suna sonsu, da damina kuma suna yin fumfuna, don haka kada ki sa su a shafin da kike ji da shi.

Launi kuwa, nan ne daɗin yake. Ki jiƙa zoɓo da ruwa kaɗan ya yi kauri sosai. Idan kika shafa a takarda za ki ga yana juyawa daga ja zuwa shunayya yayin da yake bushewa. Ki ɗiga masa lemon tsami, ja zai fito fes. Ki ɗiga ruwan kanwa, sai ya koma wajen shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Abu ɗaya, launi uku. Kurkur yana ba da ruwan ɗorawa mai haske, idan ya haɗu da kanwa ya koma ja-ja. Ruwan shayi mai kauri yana mayar da farar takarda kamar tsohuwar takardar malamai. Bular wanki ga shuɗi. Karan dafi ga ja. Goro idan aka daka aka jiƙa yana ba da ruwan goro, ai daga nan sunan ya samo asali. Baƙi kuma, a niƙa gawayi ya yi laushi, a kwaɓa da ruwan ƙaro. Lallenki na ƙunshi, ki zana a takarda da ledar nan kamar yadda kike yi a hannu, ki bari ya bushe, ki kankare a hankali, zanen zai zauna. Abu ɗaya da za ku sani, launin zoɓo da na kurkur ba sa son rana, suna kodewa. A cikin littafi a rufe suna daɗewa, amma kada a shanya shafi a tsakar rana. Wadda ke da hali ta ƙara da fensir mai launi ko fentin ruwa na 'yan firamare.

Buroshi ba dole ba ne. Auduga a tsinke ta isa, gashin kaza ya isa, yatsa ma ya isa. Ki yanka kuɓewa a tsakiya, ki tsoma a launi, ki danna a takarda, fure ne zai fito. Murfin kwalba yana ba da da'ira. Dankali a raba biyu a sassaƙa dagi a jiki, ya zama hatimi. Tsohon buroshin haƙori, a tsoma a launi a karce da yatsa, ya yi yayyafi a shafi. Masu lallen salatif kuwa, aikinku ne ya zo: ki manna salatif ɗin a takarda, ki shafa launi a kai, ya bushe ki ɗaye a hankali.

Abin mannawa a ciki ba sai an saya ba. Ki je wurin telanki ki ce ya tara miki ragowar ƙyalle, atamfa da leshi da shadda, ai zubarwa yake yi. Katin ɗaurin aure, katin suna, takardar sakamakon jarrabawar yaro, ambulan, zaren ulu, duwatsun da suka zube daga mayafi, busasshen ganye, bawon alewa mai ƙyalli. Idan kin gama shafi, ki sa leda a tsakani don kada ya manne da ɗan uwansa, ki rufe, ki danne da abu mai nauyi ya kwana. Da hunturu yana bushewa nan da nan amma takarda na nannaɗewa, da damina kuma sai an yi haƙuri. Wurin ajiya, a sa a leda a cikin akwati, a jefa kafur ko busasshen ganyen darbejiya saboda ƙwari.

To me za a sa a shafukan, ban da na alkawari?

Ki yi shafin anko. Duk ankon da kika shiga, na biki ko na jam'iyya, ki yanki ɗan ƙyalle kamar faɗin akwatin ashana ki manna, ki rubuta na wane taro ne, yaushe, nawa aka saya, ke kika biya ko ba ku aka yi. Wallahi bayan shekara biyu idan kika buɗe wannan shafi, ke da kanki za ki yi wa kanki wa'azi.

Ki yi shafin mahaifiya. Wadda tata ke raye, ta je ta zauna da ita tun kafin lokaci ya ƙure. Ki tambaye ta sunan kakarta, garin da suka taso, yadda aka yi aurenta, yadda take haɗa daddawa ko yajin jego, karin maganar da ba ta rabuwa da ita. Ki roƙi ɗan gefen tsohon zaninta ki manna. Wadda tata ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙansu, ta rubuta abin da take iya tunawa, ta tambayi gwaggo da inna. Yawancinmu a nan ba za mu iya kiran sunan kakar kakarmu ba. Kada jikokinmu su ce haka a kanmu.

Ki yi shafin kasuwa. Farkon kowane wata ki rubuta kuɗin kwanon masara, da na shinkafa, da kwalbar mai, da kuɗin mota zuwa asibiti. Ki yi masa ado yadda kike so. Ranar da aka kira mu gaban manya aka ce me ke damun mata, ba za mu tsaya ga "ana shan wahala" ba. Za mu buɗe mu karanto wata da wata.

Ki yi shafin godiya, ranar da yaro ya sauke, ranar da aka sallamo mara lafiya, ranar da aka biya bashi. Ki yi na matan akwatinki, sunan kowace da aikin da ta yi ranar zaɓe, kowace ta dangwala yatsa da lalle a gefen sunanta. Wannan shi ne abin da matan zamanin Gambo Sawaba ba su samu ba.

Iyayenmu da ba su yi boko ba, kada ku ce ba da ku ake ba. Ajami rubutu ne, da shi Nana Asma'u ta rubuta Hausarta. Wadda ba ta iya ko ɗaya ba, ta yi zanen da mannawar, jikarta ta rubuta mata abin da ta faɗa. Yarinyar ta samu aikin yi, ta kuma ji tarihin gidansu daga bakin mai shi.

Sai 'yan gargaɗi, kuma ina roƙo a riƙe su.

Na farko, maganar zanen abu mai rai, malamai sun yi bayani a kanta, kowace ta bi abin da malaminta ya karantar da ita. Fure, ganye, dagi, tauraro, gini, zanen tabarma da na hula sun ishe mu har mu gaji. Wadda ba ta son manna hoton ɗan takara ta yanke sunansa da rubutun kawai.

Na biyu, kada a yanka takarda mai ɗauke da aya ko sunan Allah a yi ado da ita, kada kuma a bar guntayenta a shara. Idan kin rubuta addu'a a littafinki, to ki san inda za ki riƙa ajiye shi.

Na uku, amana. Sirrin da wata ta ba ki ba kayan ado ba ne. Laifin kishiya da na suruka da na maƙwabciya, kada a rubuta da suna a bar shi a buɗe. Littafi yana iya faɗawa hannun da ba ki zata ba, ya kashe aure ko ya raba zumunci. Ki rubuta ki rufe da ƙyalle kamar yadda na faɗa, ko ki bar shi tsakaninki da Ubangijinki. Kuma maigida ya san kina da littafin, kada ɓoyo ya jawo zargi a kan abin da ba komai ba.

Na huɗu, kada ya ci lokacin salla, ko na girki, ko na karatun yara. Minti goma sha biyar bayan isha'i, ko ranar Juma'a da yamma, ya wadatar. Shafi ɗaya a sati, a shekara kin haura hamsin.

Na biyar, ba gasa ba ce. Kada wata ta ga na wata ta raina nata. Shafin farko zai yi miki kamar aikin ɗan aji ɗaya, kada ki yage, ki sa masa kwanan wata ki wuce gaba. Sannu ba ta hana zuwa. Kuma ba dole ne a ɗora a Facebook ko a sitatus ba. Wanda kika so nunawa ki nuna, wanda yake naki ki bar wa kanki. Idan nan gaba hannun wata ya faɗa har ta fara yin katin biki ko rigar littafi tana sayarwa, Allah ya sa albarka, za mu zama masu sayen farko. Amma kada a fara da lissafin riba, a fara da jin daɗi.

Ga abin da nake nema kafin zama na gaba. Kowace shugabar mazaɓa ta samu tela ɗaya ko biyu a unguwarta su tara mata ƙyalle. Masu zanen lalle da masu ɗinkin hula da ke cikinmu su ba sakatariya sunayensu yau kafin a tashi, su ne malamanmu, ba sai mun ɗauko kowa daga waje ba. Kowace ta zo da littafinta, da almakashi, da abu ɗaya da take son mannawa. Zoɓo da kurkur da gam, ni zan kawo. Za mu ware awa ɗaya bayan an gama maganar jam'iyya, mu shimfiɗa tabarma, kowace ta yi shafinta na farko. Ku zo da 'yan matanku, musamman waɗanda suka gama sakandare suna zaune a gida.

Allah ya sa albarka a hannuwanmu, ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya shirya mana zuriya, ya ji ƙan iyayenmu. Allah ya ba shugabanninmu ikon cika alkawari, mu kuma ya ba mu ikon tuna musu. 



Taku a kullum,
Shugabar Mata